Dashen na'urar ji a cikin kunne: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne waɗanda ke ta dawowa a bakin iyayen da aka ce musu ɗansu ba ya ji, da kuma manyan da jinsu ya ɗauke bayan sun girma da shi. An faro daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, amma kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, kuna iya fara karantawa daga wadda ta fi damunku. Hukunci a kan kunnen mutum ɗaya kuwa, na likitan da ya duba shi ne.

Mene ne dashen na'urar ji, kuma da me ya bambanta da na'urar da ake maƙalawa a kunne?

Na'urar da aka saba gani a kunnen tsofaffi aikinta ɗaga sauti ne kawai. Kamar lasifikar masallaci take: ta ɗauki murya ta ƙara mata ƙarfi, amma sai an samu kunnen da zai karɓa. Idan abin da ke karɓar sauti a can cikin kunne ya mutu, ko an ƙure ƙarar, hayaniya kawai mutum zai ji, ko ma ya ji shiru.

Dashe kuwa tsallake wurin da ya lalace yake yi, ya kai saƙo ga jijiyar ji kai tsaye. Kashi biyu ne. Na ciki ana sa shi ta hanyar tiyata a ƙarƙashin fatar bayan kunne, da wata siririyar waya da ake zurawa cikin katantanwar kunne. Na waje ana rataya shi a kunne, yana da makirufo, da batir, da ɗan faifai mai maganaɗisu da ke mannewa a kai daidai inda na cikin yake. A asibiti sunan da za ku ji ana faɗa shi ne kokiliya imfilant.

To yaya waya za ta sa mutum ya ji magana?

A lafiyayyen kunne, sauti yana kaɗa dodon kunne, wasu ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa kaɗawar zuwa katantanwa. Ita katantanwar ƙashi ce murɗaɗɗiya kamar gidan dodon koɗi, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, cike take da ruwa. A cikinta akwai ƙwayoyi masu gashi-gashi kimanin 15,000 da ke mayar da kaɗawar ruwan ta zama saƙon lantarki, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. Yawancin kurumta mai tsanani daga mutuwar waɗannan ƙwayoyin take, kuma a jikin ɗan Adam in sun mutu ba sa sake tsirowa. Ita jijiyar sau da yawa tana nan da ranta, ba ta dai samun saƙo ne.

Na'urar waje ta ɗauki sauti, ta rarraba shi zuwa siriri da mai kauri, ta tura ta cikin fata zuwa ta ciki. Wayar da ke cikin katantanwa tana da bakuna na ƙarfe tsakanin 12 zuwa 22, gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta. Waɗanda ke bakin katantanwa su ke ɗaukar sautuka sirara irin "s" da "sh", na can ƙurya su ɗauki masu kauri. Ku lura da tazarar: bakuna ashirin ne ke ƙoƙarin yin aikin ƙwayoyi dubu goma sha biyar. Shi ya sa sautin ba ya zuwa yadda lafiyayyen kunne ke jin sa, kuma shi ya sa ragowar aikin ya koma kan ƙwaƙwalwa. Duba amsar da ta yi magana a kan ranar kunnawa.

Sabon abu ne da ake gwadawa a kan mutane?

A'a. A Paris aka fara dasa wa mutum waya mai taɓa jijiyar ji da lantarki a 1957, aikin André Djourno da Charles Eyriès. William House ya ci gaba da shi a Los Angeles daga 1961. Irin mai bakuna da yawa da ake amfani da shi yau ya fito ne daga Vienna a 1977, a hannun Ingeborg da Erwin Hochmair, da kuma Melbourne a 1978, a hannun Graeme Clark. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi wa manya a tsakiyar shekarun 1980, yara kuma a 1990. Zuwa ƙarshen 2019 an dasa sama da 730,000 a duniya. Manyan kamfanonin da ke ƙera su uku ne: Cochlear na Ostireliya, MED-EL na Ostiriya, da Advanced Bionics na Amurka.

Duk wanda ba ya ji za a iya yi masa?

Ba duka ba. Ana yi wa wanda kurumtarsa ta yi tsanani ne, daga cikin katantanwa take, kuma an gwada masa na'urar ƙara ji mai kyau ba ta wadatar ba. Don ku gane ma'aunin ƙarfin sauti, wato desibel: raɗa tana kusan desibel 30, hira ta yau da kullum kusan 60. Wanda ba ya jin komai sai sauti ya kai 80 ko 90, shi ake fara yi wa maganar dashe.

Wanda dattin kunne ya toshe, ko dodon kunnensa ya huje, ko kunnen ke zubar da mugunya, ko ruwa ya taru a bayan dodon, matsalarsa daban ce, maganinta ma ya fi sauƙi da araha. Sai kuma sharuɗɗa biyu da ba a tsallake su: jijiyar ji ta kasance tana nan, katantanwar kuma ta kasance a buɗe yadda waya za ta shiga. Akwai sharaɗi na uku da ba a gani a hoton asibiti, wato a samu iyalin da za su iya zirga-zirgar shekaru da ɗawainiyar bayan aiki. Duba amsar kuɗi.

Ɗana ya shekara biyu bai fara magana ba, an ce nauyin baki ne. In jira?

Kada ki jira. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, kuma ita ce aka fi yin asara a kanta. Za a ce miki babansa ma sai da ya shekara uku, ko a ce a kai shi wurin wanzami a duba harshe. Mai yiwuwa nauyin bakin ne da gaske. Amma gwajin ji ba ya cutar da yaro, ba ya ɗaukar lokaci, kuma ana iya yi wa jaririn kwana biyu yana barci. Idan ya fito lafiya, hankalinki ya kwanta. Idan bai fito lafiya ba, kin tsira da watannin da kuɗi ba sa sayowa.

Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa ce ke ji, kunne ƙofa ne kawai. Sashen ƙwaƙwalwa da aka tanada don sauti yana ginuwa ne a shekarun farko, kuma idan sauti bai zo ba sai gani da taɓawa su mamaye wurin. Bincike ya nuna yaran da aka yi wa dashe kafin shekara uku da rabi ƙwaƙwalwarsu ta fi karɓar sauti, waɗanda aka yi wa kafin wata 12 zuwa 18 su suka fi kusantar sa'o'insu a magana, bayan shekara bakwai kuma abin kan yi wuya ƙwarai ga yaron da bai taɓa ji ba. Saboda haka ne a Amurka aka yi ta rage shekarun: shekara biyu a 1990, wata 12 a 2000, wata 9 a 2020. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi ita ce a gwada jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida.

Abin da uwa za ta lura da shi a gida: jaririn da ba ya firgita in an buga ƙofa ko kwano ya faɗi, wanda ba ya juyowa in an kira shi ta baya a wata shida, wanda ya fara gwaranci sannan ya daina, wanda ya shekara bai ce "baba" ko "mama" ba. Kada tafa hannu a gabansa ya ruɗe ki, yaro kurma yana da kaifin ido, zai ga hannun ko ya ji iskar ya juyo. A ƙara sa ido a kan jaririn da ya yi shawara mai tsanani, da bakwaini, da wanda aka yi wa allurai irin su jentamaisin, da wanda ake da kurame a danginsa, musamman inda auren zumunci ya yawaita.

'Yata ta warke daga sanƙarau amma ta daina ji. Jin zai dawo?

Wani lokaci yakan ɗan dawo, amma kada a zauna jiran haka. Kimanin ɗaya cikin goma na yaran da suka tsira daga sanƙarau na ƙwayar bakteriya sukan rasa ji har abada. Mu da ke zaune a yankin da cutar ke zagayowa duk rani, daga Senegal har Habasha, wannan ba labarin nesa ba ne. A annobar 1996 kaɗai sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, kuma cikin waɗanda suka rayu akwai kurame da yawa da yau magidanta ne.

Abin da ya sa sanƙarau ya bambanta da sauran dalilai shi ne, bayan ciwon katantanwa takan fara cikewa da ƙashi. Wannan yana iya farawa cikin 'yan makonni. Idan ta cike, wayar ba za ta shiga gaba ɗaya ba, ko ta ƙi shiga sam. Don haka duk wanda ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa kafin a sallame shi daga asibiti, ko cikin mako huɗu. In an ga kurumta mai tsanani, a nemi hoton kunne da maganar dashe nan take, ba sai an yi watannin gwajin na'urar ƙara ji da aka saba yi wa wasu ba. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Ƙyanda da hangum su ma suna kurmantarwa, haka zazzaɓin Lassa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana taɓa jin kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke. Ƙyanda da sanƙarau duka suna da allurar rigakafi, kuma a 2024 Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare iri biyar na ƙwayar sanƙarau. Ku kai ƙannenta a yi musu.

Ni babba ne. Na makara?

Idan kun girma da ji da magana sannan jin ya ɗauke, ku ne ma kuka fi kowa saurin cin moriyar dashe, domin ƙwaƙwalwarku ta riga ta san yadda kalmomi suke. Da yawa sukan koma hira ba tare da kallon baki ba, har su amsa waya. Tsufa ba ya hanawa, an yi wa masu shekara tamanin da ɗoriya. Abin da ke rage sakamako shi ne daɗewar kunnen a shiru: na shekara biyu ya fi na shekara ashirin.

Wanda aka haifa kurma ya girma bai taɓa ji ba, gaskiyar da ya kamata a faɗa masa ita ce, zai iya jin hon ɗin mota, da kukan yaro, da bugun ƙofa, amma gane magana ta kunne kaɗai ba kasafai yake samuwa ba. Wasu hakan ya ishe su, wasu kuma sukan ajiye na'urar a akwati bayan 'yan watanni. Shi za a tambaya, ba danginsa ba.

Daga ina za mu fara, kuma wane gwaji ake yi?

Daga sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibitin da ke kusa da ku. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, da asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Jos, a Nijar kuma babban asibitin Yamai. An yi wannan tiyata a cikin Najeriya, a Jos da Legas, wasu kuma sukan tafi Indiya ko Masar.

Babba akan sa masa abin sauraro ya riƙa nuna lokacin da ya ji sauti, sannan a gwada yawan kalmomin da yake ganewa da na'urar ƙara ji a kunne. Jariri ba ya buƙatar yin komai: akwai gwajin da ke auna amsawar katantanwa, da wanda ake manna masa wayoyi a kai yana barci a ga ko saƙo na isa jijiya. Daga nan sai hoton CT don ganin ƙashi, da na MRI don ganin jijiya da ruwan katantanwa.

Yaya tiyatar take, kuma mene ne haɗarinta?

Ana yin ta da maganin sa barci, awa biyu zuwa uku a kunne ɗaya. A tsaga bayan kunne kaɗan, a huda ƙashin da ke wurin, a zura wayar, a kwantar da na'urar a ƙarƙashin fata, a ɗinke. Ba a taɓa ƙwaƙwalwa, wannan tsoron ku cire shi. Yawanci kwana ɗaya ko biyu ake yi a asibiti.

Jiri na 'yan kwanaki, canjin ɗanɗano a gefen harshe, da ƙara a kunne sukan faru, kuma galibi su wuce. Jijiyar da ke motsa fuska tana ratsawa kusa da inda ake hudawa, don haka akwai yiwuwar karkacewar baki, amma bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, kuma ƙwararru suna sa na'urar da ke sa ido a kan jijiyar lokacin aikin. Ɗan sauran jin da kunnen ke da shi yana iya tafiya. Sannan mai dashe ya ɗan fi sauran mutane haɗarin kamuwa da sanƙarau, shi ya sa ake yi masa allurar rigakafin ƙwayar nimoniya kafin a shiga tiyata. Idan ba a ambata muku wannan allurar ba, ku ku tambaya.

Da ya farfaɗo zai fara ji?

A'a. Sai rauni ya warke, mako biyu zuwa huɗu, sannan a maƙala na'urar waje a kunna. Bidiyoyin da ke yawo a waya na jariri yana murmushi da jin muryar uwarsa gaskiya ne, amma ba kowa ke haka ba. Wani yaron kuka zai fashe da shi, wani ya fizge abin ya jefar, wani ya yi kamar ba a yi komai ba. Manya sukan ce da farko kamar rediyon da bai kama tasha ba ne, ko muryoyi duk su zama iri ɗaya, sirara kamar na ƙarfe. Cikin makonni da watanni ƙwaƙwalwa ke daidaita shi.

A shekarar farko za a riƙa komawa asibiti ana saita ƙarfin kowane baki na wayar da kwamfuta, sau da yawa a watannin farko, daga baya sau ɗaya ko biyu a shekara. Wannan ya sa kafin a tafi ƙasar waje yin aikin dole a san wa zai riƙa saitawa in an dawo gida. An ga waɗanda suka sayar da gona suka yi tiyata mai kyau, suka dawo babu mai saita musu.

Yaro kuma a ƙirga masa shekarun ji daga ranar kunnawa. Jariri mai ji yakan yi shekara guda yana sauraro kafin ya furta kalmar farko, to shi ma a ba shi irin wannan lokacin. Ya sa na'urar duk sa'ar da idonsa ke buɗe. Mai koyar da magana zai gan shi awa ɗaya a mako in an yi sa'a, sauran awannin na uwa ne da kaka da yayye: a yi ta yi masa magana ana wanka, ana tuƙa tuwo, ana shara, a faɗi sunan kowane abu, a yi masa tatsuniya da waƙar raino, a kashe talabijin da janareta in ana hira da shi.

Zai iya jin Hausa sosai, ko sai mun koma yi masa Turanci? Karatun Alƙur'ani da waƙa fa?

Ku yi masa harshen da kuka fi iyawa. Na'urar ba ta san Turanci ba, ba ta san Hausa ba, sauti kawai ta sani. Uwar da ke zuba Hausa mai daɗi ta fi wa ɗanta amfani a kan wadda ke lalubo guntun Turanci.

Akwai dai wani abu da ya shafe mu. Dashe ya ƙware wajen isar da baƙaƙe da wasula da tsawonsu, amma yana da rauni wajen hawa da saukar murya, Hausa kuwa tana rarrabe kalmomi da wannan. Kukan yaro da miyar kuka, wuyan riga da wuyar aiki, karin sauti ne ya raba su. An yi bincike mai yawa a kan yaran Sin, waɗanda harshensu ya fi namu dogaro da karin sauti, aka ga abin yana ba su wahala fiye da masu ji, amma waɗanda aka yi wa da wuri suna koyo. Jimla ma tana taimakawa, ba wanda zai ji "a kaɗa miyar kuka" ya ɗauka hawaye ake nufi. Kiran salla, karatu da wa'azi ana jin su ana ganewa, musamman a wuri marar hayaniya. A waƙa kiɗan ganga da kalangu ya fi fitowa a kan zaƙin murya. Wurin da ya fi wuya shi ne kasuwa, gidan biki, da aji mai yara tamanin. A roƙi malami ya zaunar da shi a gaba.

An ce in muna yi masa maganar hannu ba zai koyi magana da baki ba. Haka ne?

Ra'ayin masana ya rabu a da, har yanzu ma akwai masu koyarwa da ke hana ta. Ni dai abin da na gamsu da shi shi ne, babban haɗari ga yaro kurma shi ne ya tashi ba shi da harshe ko ɗaya. Watannin da ake yi ana neman kuɗi da jiran layi, da me zai ce yana jin yunwa, da me za a ce masa wuta tana ƙuna? Kuma ko bayan dashe, in ya cire na'urar zai kwanta, ko batir ya ƙare, ko waya ta tsinke ana jiran wata daga Legas, kurma ne kamar da.

Maganar hannu ta ƙasar Hausa harshe ce cikakkiya mai ƙa'idojinta, kurame sun gaje ta daga kurame tun kafin a buɗe makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano, kuma wata masaniyar harshe Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta rubuta nazari a kanta. Ku nemi manyan kurame na unguwarku, tela ne ko kafinta ko malami, ku kai yaron ya gan su. Wasu daga cikinsu ba sa ɗaukar kurumta a matsayin ciwon da ke neman magani, kuma suna da hujjarsu, ya kamata a saurare su. Ana iya haɗa biyun: hannu yana aiki, kunne yana koyo.

Nawa ne kuɗin?

Da tsada ƙwarai. A Amurka jimillar na'ura da tiyata da bibiya takan kai dala 50,000 zuwa 100,000. A Indiya da Masar ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma duk da haka miliyoyin naira ne masu yawa, kuma da yake da kuɗin waje ake sayo na'urar, farashin yana bin canji. A Ingila gwamnati ke biya, Indiya ma tana da shirin biya wa ƙananan yaran marasa hali. A wajenmu akasari aljihun iyali ne, ko gidauniya, ko wani mai hali da Allah ya taɓa zuciyarsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara kuɗin tiyata kaɗai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a sa hannu a tambaya a rubuce: nawa ne batir a wata, nawa ne waya da faifan in sun lalace, a ina ake samunsu, shekara nawa ne garantin na ciki da na waje, zuwa saiti nawa ke cikin kuɗin. Na ciki an ƙera shi ya yi shekaru masu yawa, garantinsa yawanci shekara 10 ne. Na waje kuwa akan sauya shi bayan shekara biyar zuwa bakwai. In mai taimako zai biya, a nuna masa wannan lissafin tun farko.

Kunne ɗaya ko biyu?

Biyu sun fi, don da su ake gane inda sauti ya fito, kuma a fi jin magana cikin hayaniya. Bayan sanƙarau an fi son a yi biyun tare saboda cikewar ƙashi da aka ambata a sama. Amma kunne ɗaya ya isa yaro ya koyi magana. Kada a jinkirta ɗaya ana jiran kuɗin biyu. In ɗaya kunnen yana da sauran ji, a sa masa na'urar ƙara ji.

Wanka, alwala, hijabi, hula, ƙurar hunturu fa?

Na ciki a rufe yake ruf, ruwa ba ya isa gare shi. Na waje ake cirewa in za a yi wanka ko barci, sai dai in yana da rigar ruwa da wasu kamfanoni ke sayarwa. A alwala ana iya zare shi a shafi kai da kunne a mayar. Sujada ba ta taɓa shi. Hijabi, ɗankwali, hula da rawani duk ana sawa, a dai kula kada ƙyalle mai kauri ya danne makirufo ko ya riƙa gogarsa, kuma kada ɗauri ya matse faifan. In fatar wurin ta yi ja ko tana zafi, maganaɗisun ya yi ƙarfi, a je a rage shi. A yi wa mai kitso da wanzami bayani su bi wurin a hankali.

Maƙiyan na'urar waje a ƙasarmu gumi ne da ƙura da zafi. A goge ta kowane dare, a sa ta cikin akwatin busarwa, kada a bar ta a mota cikin rana. Batir mai caji yakan yi wuni guda, na yarwa kwana biyu zuwa uku, don haka inda wuta ba ta tsayawa a tanadi biyu da ƙaramin sola. Yaro yana iya buga ƙwallo da guje-guje. Dambe da duk wasan da ake dukan kai ne ba a so, kuma in za a hau babur a sa hular kwano.

Zai iya shiga injin MRI ko ya bi ta na'urar binciken filin jirgi?

Filin jirgi ba matsala, a dai riƙe katin da kamfani ke bayarwa a nuna wa jami'ai. MRI kuwa sai an yi hattara, domin babban maganaɗisu ne, yana iya jan wanda ke cikin kai. Na'urorin da aka fito da su daga 2014 zuwa yau da yawa suna da maganaɗisu mai juyawa da ke jure hoton, tsofaffin kuma wasu sai an ɗaure kai ko an ciro maganaɗisun tukuna. Kada a taɓa shiga ba tare da an nuna katin ba. Haka in za a yi wata tiyata, a gaya wa likita akwai dashe, saboda akwai wuƙar lantarki da ba a amfani da ita kusa da kai.

Idan an ce dashen katantanwa ba zai yiwu ba, shi ke nan?

Akwai wasu hanyoyin, gwargwadon inda matsalar take. Wanda ba shi da jijiyar ji, ko ƙari ya lalata ta, ko katantanwarsa ta cike da ƙashi gaba ɗaya, akwai dashen da ake ɗorawa a tushen ƙwaƙwalwa, wanda William House da William Hitselberger suka fara a 1979. Babbar tiyata ce, cibiyoyi kaɗan ke yin ta, kuma jin da ake samu bai kai na katantanwa ba. Wanda aka haifa ba ramin kunne, ko kunnensa ke yawan zuba amma katantanwarsa lafiya lau, akwai na'urar da ake kafawa a ƙashin kai ta tura sauti ta cikin ƙashi, an fara ta a Suwidin a 1977.

A 2024 an ba da rahoton yara a Sin da Amurka da Ingila da suka fara ji bayan an yi musu gyaran ƙwayar gado. Abin farin ciki ne, amma nau'i ɗaya ne na kurumtar gado da ba a cika samu ba, wanda ya shafi ƙwayar OTOF. Kada wannan labarin ya sa a jinkirta wa yaro abin da yake buƙata yau.

Bayan an yi, wace alama ce za ta sa mu koma asibiti da gaggawa?

Zazzaɓi tare da ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai ko yawan barci: a tafi a daren, a gaya musu yana da dashe. Ciwon kunne ko zubar mugunya ma ba a jira da shi, ba a ɗiga masa mai ko wani magani na gida. Haka kumburi, ja ko rauni a fatar da ke kan na'urar, da duk wani bugu mai ƙarfi a wannan gefen kai.

Idan kuma yaro ya daina juyowa in an kira shi, ko ya fara ƙin sa na'urar da ya saba so, a fara duba abu mai sauƙi: a sauya batir, a sauya waya, a duba ko ƙura ta toshe makirufo. Mafi yawan lokuta a nan matsalar take. In an yi duk wannan bai gyaru ba, a kai shi a gwada na cikin da kwamfuta. Yakan lalace jefi-jefi, kuma in hakan ta faru ana cire shi a sa wani a kunnen nan dai, yawancin mutane su koma jin da suke yi a da.